Me ya faru tsakanin littafin Harper Lee na 1960 da na 2015?

Ɗalibar Adabi

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu karatu. Tambayata a kan littattafan Harper Lee guda biyu take, kuma na fi son amsar waɗanda suka karanta su duka. To Kill a Mockingbird na 1960 littafi ne da in ka zare masa babi ɗaya sai ka ji giɓi. Go Set a Watchman na 2015 kuwa, marubuciya ɗaya, gari ɗaya, kusan mutane ɗaya, amma karatunsa ya sanyaya min jiki. Labarin ba ya tafiya, maganganun taurari sun yi tsawo, an faɗi mutuwar Jem, yayan tauraruwar, a taƙaice an wuce kamar ba komai, Boo Radley, maƙwabcinsu da ba ya fita daga gida, ko sunansa babu. Abin da ya fi ciwo, Atticus Finch, lauya mahaifin tauraruwar, da ya tsaya wa baƙar fata a kotu gari na zaginsa, ga shi zaune a taron masu kare wariyar launin fata. Tsufa ne ya rage mata ƙarfin alƙalami, ko da gangan ta rushe abin da ta gina? Sannan ta fuskar zubi da salo, ina ainihin matsalar take? Ina jin akwai ta, amma na kasa gane takamaiman inda take.

Tsohon Edita

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tsufa ba shi da hannu a ciki, domin lokacin da ta rubuta Watchman shekarunta wajen 30 ne. An haife ta a 1926 a Monroeville ta jihar Alabama. A ƙarshen 1956 wasu abokanta, miji da mata, a New York suka ba ta kuɗin da zai riƙe ta shekara guda, don ta ajiye aikin da take yi a kamfanin jiragen sama ta zauna ta yi rubutu. A farkon 1957 ta miƙa wa wakilinta abin da ta kammala, kuma wannan rubutun shi ne Watchman. Kamfanin J. B. Lippincott ya karɓa a cikin shekarar, aka haɗa ta da edita mai suna Tay Hohoff. Hohoff ta ga baiwa, amma ta ga abin da ke hannunta bai kai littafi ba tukuna: labarai ne a jere babu igiyar da ta ɗaure su. Inda rubutun ya fi rai shi ne wuraren da tauraruwar ke tuna yarintarta. Sai aka ba ta shawara ta koma can, ta ba da labarin da bakin yarinyar. Sun haura shekara biyu ana rubutawa ana warwarewa kafin Mockingbird ya fito ranar 11 ga Yuli, 1960. A 1961 ya ci kyautar Pulitzer, a 1962 aka yi fim ɗinsa, Gregory Peck ya fito a Atticus har ya ci Oscar.

Shi kuwa rubutun 1957 ajiye shi aka yi. Ranar 3 ga Fabrairu, 2015 kamfanin HarperCollins ya sanar cewa an gano shi, ranar 14 ga Yuli ya shiga kasuwa. Kwafi miliyan 2 aka buga a karon farko, aka sayar da sama da miliyan 1.1 a makon farko. Kamfanin da kansa ya ce gyaran da aka yi masa ɗan kaɗan ne. Ita marubuciyar a lokacin shekarunta 89, tun 2007 ta samu shanyewar ɓarin jiki, ji da gani duk sun ja baya. Ba ta cikin halin da za ta zauna ta sake gina littafi daga tushe.

Shaidar cewa daftari ne tana cikin littafin, ba sai an je waje nema ba. Dubi shari'ar fyaɗen da Atticus ya tsaya wa baƙar fata a cikinta. A Mockingbird ta cinye babi na 17 zuwa na 21, aka samu Tom Robinson, baƙar fatar da ake tuhuma, da laifin da bai yi ba, daga baya aka harbe shi a gidan yari. A Watchman sakin layi 'yan kaɗan aka ba ta, kuma a can Atticus nasara ya yi, aka sallami wanda ake tuhuma. Yarinyar da ta kai ƙara shekarunta 19 a littafin 1960, a na 2015 kuwa 14. Hannun Tom injin gurzar auduga ne ya nakasa shi. A Watchman injin yankan katako ne ya guntule hannun. Marubuciyar da ke rubuta ci gaban labarinta ba za ta manta da hukuncin da littafinta na farko ya tsaya a kansa ba. Akwai kuma sassan da suka fito a littattafan biyu kusan kalma da kalma, kamar tarihin kafuwar garin Maycomb, inda labarin ya faru, da bayanin halin gwaggo Alexandra. Daga tsohon rubutu ta kwashe su ta kai sabo, yadda kowane marubuci ke yi da daftarin da ya riga ya jingine. Henry Clinton, saurayin tauraruwar da Watchman ya ce tun suna yara ta san shi, babu ɗuriyarsa a Mockingbird. Boo Radley kuma a 1957 bai shigo labarin ba tukuna.

Don haka takaicin da kike ji yana da dalili, sai dai yawancinsa a kan masu talla ya kamata ya sauka. Ƙullu aka zuba a kwano aka ce ga waina. Da an buga shi da gabatarwa mai bayanin cewa wannan ne rubutun farko, an jera inda ya saɓa da na 1960, da masu nazari sun karɓe shi hannu biyu, mai karatu kuma ya san abin da yake saya. Wani shagon littattafai mai suna Brilliant Books a jihar Michigan ya ga haka, har ya sanar cewa zai mayar wa duk wanda ya saya a wurinsa kuɗinsa, saboda an tallata masa daftari a matsayin sabon littafi.

Mai Nazarin Zubi

Malam ya gama da tarihi. Bari in ɗauki ɓangare na biyu na tambayar, 'yar'uwa, domin ko mutum bai san komai game da 1957 ba, littafin da kansa yana nuna inda ya gaza.

Abu na farko shi ne bakin da ke ba da labari. A Mockingbird Scout, tauraruwar littafin, ce ke magana da kanta, tana babba tana tuna shekarunta na shida zuwa kusan tara, tsakanin 1933 da 1935. Wannan ya ba littafin hawa biyu: yarinya na ganin abu ba ta fahimta ba, mai karatu kuwa ya fahimta. Ɗauki babi na 15. Mutane sun zo ƙofar gidan yari da dare don su fizge Tom su kashe shi, Atticus na zaune a kujera shi kaɗai ƙarƙashin kwan lantarki. Scout ta kutsa tsakiyarsu, ta gane fuskar mutum ɗaya, Cunningham, ta gaishe shi, ta ce ajinsu ɗaya da ɗansa, ya gaishe mata da shi. Ita hira take yi, ba ta san abin da ya tara su ba. Mai karatu ne ke riƙe da numfashi, kuma babu layi ɗaya da ya ce masa ya ji tsoro. A Watchman wani ne daga waje ke ba da labarin Jean Louise, wato Scout da ta girma, mai shekara 26, amma bakin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ana cikin "ta yi, ta ce" sai a zame cikin zuciyarta a koma "ni", ba tare da wata alama ba. Kuma mai karatu bai san komai fiye da ita ba. Duk abin da ta ji sai ta faɗe shi da babbar murya, babu abin da aka bar maka ka gano da kanka.

Na biyu, zubi. Mockingbird babi 31 ne, da zare biyu: na Boo Radley da na Tom Robinson. Mai karatu na ɗauka ba su da alaƙa, sai a babi na 28 da Bob Ewell, mahaifin yarinyar da ta kai ƙara, ya far wa yaran a cikin duhu, Boo ya fito ya cece su, zaren biyu suka zama ɗaya. Jimlar farko ta littafin kan karayar hannun Jem ce, kuma sai a wannan daren kake ganin yadda ya karye. Duk abin da aka shuka an girbe shi: kyaututtukan da yaran ke tsinta a kogon bishiya, bargon da wani ya yafa wa Scout daren gobara ba ta ga ko wane ne ba, mahaukacin karen da Atticus ya harbe da harsashi ɗaya. Watchman babi 19 ne. Bakwai na farko sun tafi a tafiyar jirgin ƙasa, da zance da Henry, da wankan kogi da tsegumin da ya biyo baya, da gardama a kan karin waƙar coci. Sai a babi na 8 matsalar littafin ta taso, bayan an cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Babin da kansa yana da ƙarfi: ta tsinci ƙasidar cin mutuncin baƙar fata cikin takardun mahaifinta, ta bi shi kotu, ta hau benen da aka ware wa baƙaƙen fata, ta leƙo ta gan shi yana gabatar da mai jawabin wariya, ta fita ta je shagon askirim da aka gina a inda tsohon gidansu yake, ta yi amai a bayansa. Daga nan kuma sai aukuwa ta ƙare. Abin da ya rage zama ne da magana: da matan gari a walimar shan kofi, da kawu Jack, da Henry, da Atticus, sannan da kawu Jack kuma.

Babbar asarar da ke cikin zubin, a ganina, ita ce jikan Calpurnia, baƙar fata mai aikin gidansu da ta raini Jean Louise. Yaron ya buge wani tsoho farar fata da mota ya mutu. Atticus ya ce zai karɓi shari'ar, kuma dalilinsa shi ne kada lauyoyin NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, su shigo gari su karɓa. Wannan shi ne irin da zai fitar da littafi sukutum: uban da 'yarsa ta san shi da adalci zai shiga kotu da wata niyya daban, ita kuma tana kallo. Aka shuka shi aka bar shi. Ba a je kotu ba, ba mu san ƙarshen yaron ba. Abin da Atticus yake ciki, da ya kamata mu gan shi a aikace, sai aka ba shi ya faɗa da baki.

Sai waiwaye. Akwai dogayen wurare da labari ke komawa yarinta, kuma su ne mafi daɗin karatu a littafin. Wasan da Jem da abokinsu Dill da ita suka yi na kwaikwayon wa'azin coci har da tsoma mutum a kududdufin kifi. Da lokacin da wani yaro ya sumbace ta a makaranta, ta ɗauka ciki ya shiga, ta yi wata da watanni tana ƙirga kwana ita kaɗai, gab da lokacin da take zaton haihuwa ta hau tankin ruwan gari don ta faɗo, Henry ya sauko da ita, Calpurnia ta zaunar da ita ta yi mata bayanin da babu uwar da za ta yi mata. Rubutu ne mai kyau ƙwarai. Matsalarsa, yana tsayar da labarin yanzu cak, kuma idan an dawo babu abin da ya canza. Ƙa'idar waiwaye ita ce ya dawo da wani abu a hannu da zai sauya yadda kake kallon abin da ke gabanka. Waɗannan ba su dawo da komai ba, don ba na wannan littafin ba ne. Na wani littafin ne da ke neman fitowa, kuma shi Hohoff ta hango.

Ƙarshen kuwa shi ne inda jiki ke mutuwa. Babukan ƙarshe jawabai ne. Kawu Jack na kawo misalai daga adabin Ingila na ƙarni na 19 da tarihin yaƙin basasar Amurka, shafi bayan shafi, har ita kanta tauraruwar ta kasa gane inda ya dosa. Ita da Atticus suka shiga muhawara a kan gyara na goma na kundin tsarin mulki da ikon jihohi. Da ta haɗa kaya za ta bar gari, kawun ya kwaɗa mata mari har bakinta ya fashe, ya ba ta giya ta sha, ya ce mata ita ce mai taurin ra'ayi, ta jingina lamirinta a kan na mahaifinta. Shafuka kaɗan bayan haka ta je ofis ta ɗauko uban, ya ce yana alfahari da ita. Babu wani abu da ya faru wanda ya kai a sulhunta. Mari ne kawai ya rufe rikicin da ya ɗauki rabin littafi. Edita mai aiki zai dawo da babi na 8 zuwa wajen na 3, ya kai shari'ar jikan Calpurnia gaban alƙali, ya rage jawaban Jack da rabi ko fiye, ya tsayar da bakin mai ba da labari wuri ɗaya. Aikin shekara ne ko biyu, kuma ba a yi shi ba.

Wuri ɗaya ne zan ce ya kai matsayin littafin 1960, har ya so ya fi shi gaskiya: ziyarar Jean Louise gidan Calpurnia. Matar da ta raine ta ta zauna ƙiƙam, tana yi mata irin ladabin da ake yi wa baƙon farar fata. Ta tambaye ta ko dama ta tsane su ne duk tsawon shekarun nan. Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta girgiza kai. Ba a yi jawabi ba a nan, shi ya sa ya zauna.

Barista Mai Karatun Dare

Malamai, duk abin da kuka faɗa a kan zubi na yarda da shi. Amma a kan Atticus ina da ja, domin 'yar'uwa ta tambaya ko marubuciyar ta rushe abin da ta gina, kuma masu karatu da yawa sun ƙi littafin saboda wannan kaɗai, ba saboda zubi ba.

A koma Mockingbird a karanta shi da idon babba. Atticus ba shi ya nemi shari'ar Tom ba, alƙali Taylor ne ya ɗora masa. Ya yi ta da gaskiya, babu shakka, kuma ya sa rayuwarsa cikin haɗari. Sai dai ɗan majalisar dokokin jiha ne a zamanin da doka ta raba makaranta da asibiti da kujerar mota tsakanin fari da baƙi, kuma babu inda ya ce a cire wannan doka. A kotun da yake magana baƙaƙen fata na saman bene, mutum goma sha biyun da za su yanke hukunci duk farare ne maza. Da Jem ya tambaye shi game da Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata masu far wa baƙaƙe fuska a rufe, sai ya nuna masa abu ne da ya wuce, ba abin damuwa ba. Tun 1992 wani malamin ɗa'ar aikin lauya mai suna Monroe Freedman ya rubuta cewa bai kamata lauyoyi su ɗauki Atticus abin koyi ba saboda irin waɗannan dalilai, shekara 23 kafin Watchman ya fito. Mu ne ba mu lura ba, don 'yar shekara takwas ce ke nuna mana babanta, fuskar Gregory Peck kuma ta rufe sauran.

Sannan zamanin ya bambanta. A 1935 lauya farar fata zai iya kare baƙar fata ɗaya da aka zalunta, tsarin gari bai motsa ba. Ranar 17 ga Mayu, 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Brown cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Daga nan tsarin da kansa ne ke gaban shari'a. A shekarar aka kafa majalisun farar fata da ake kira Citizens' Council a jihar Mississippi, suka bazu zuwa Alabama. 'Ya'yansu ba masu rufe fuska da dare ba ne. Lauyoyi ne da manajojin banki da manyan 'yan kasuwa, makaminsu kuma kora daga aiki da hana bashi da tashin ɗan haya ga duk wanda ya sa hannu a takardar neman haɗe makarantu. A 1956 wata kotun Alabama ta hana NAACP aiki a jihar baki ɗaya. Dattijon lauya ɗan shekara 72 a ƙaramin gari ya zauna a irin wannan majalisa, abu ne da ya faru sau da yawa.

Mahaifin marubuciyar, A. C. Lee, lauya ne, ɗan majalisar jiha, kuma ya riƙe jaridar garinsu. A 1919 ya kare wasu baƙaƙen fata biyu da aka tuhuma da kisa, aka rataye su. Mutumin nan dai a shekarun 1950 yana goyon bayan wariya. Rubutun 1957 fushin 'ya ce da ta dawo daga New York ta ga haka a cikin gidansu, kuma ina ganin wannan tambaya ce da ta fi ta littafin 1960 nauyi: me za ka yi idan wanda ya koya maka adalci ya tsaya a ɓangaren zalunci? Ta iya yin tambayar, ba ta da ƙwarewar amsa ta a lokacin. Abin da ba zan yi ba shi ne in ce mutum ɗaya ne cif a littattafan biyu, tunda kamar yadda Malam ya nuna, ko hukuncin shari'ar bai zo ɗaya ba.

Ɗalibar Adabi

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura abu biyu. Shin da yardarta aka buga shi, tunda shekara 55 ba ta sake fitar da ƙagaggen labari ba? Kuma ta yaya mai karatu zai gane irin wannan littafin kafin ya kashe kuɗinsa?

Tsohon Edita

Ga abin da aka tabbatar, ƙanwata. Yayarta Alice, lauya, ita ce ta riƙe mata harkokinta shekaru masu yawa. Ta rasu a watan Nuwamba 2014 tana da shekara 103. Ba a cika wata uku ba aka yi sanarwar littafin. Ita Harper Lee tana gidan kula da tsofaffi a Monroeville, kuma kalaman da aka ce nata ne na farin ciki da bugawar ta hannun lauyarta da kamfanin suka fito. An kai ƙorafi cewa ana cin amanar tsohuwa, hukumomin jihar Alabama suka bincika, suka gana da ita, a watan Afrilu 2015 suka rufe binciken suka ce ba su samu hujja ba. Jaridar New York Times kuma ta ruwaito cewa akwai alamun an ga rubutun tun 2011, saɓanin 2014 da aka faɗa. Harper Lee ta rasu ranar 19 ga Fabrairu, 2016. A doka ke nan akwai izini. Amma a wurin edita izini daban, aiki daban. Ko da ta ce a buga da zuciya ɗaya, ba ta zauna ta gyara shi ba, kuma gyaran nan shi ne ya yi littafin da kike ƙauna.

Game da ganewa kafin saye, fara da tambayar yaushe aka rubuta, ba yaushe aka buga ba. Buɗe shafin haƙƙin mallaka da gabatarwa da bayanin ƙarshe. Littafin da aka tono daga ajiya, in masu shi na da gaskiya, zai zo da bayanin edita: kwafi nawa aka samu, wanne aka bi, me aka cire, me aka haɗa. Watchman bai zo da ko ɗaya ba. Kwatanta shi da The Original of Laura na Vladimir Nabokov. Ya rasu a 1977 ya bar umarnin a ƙone shi, ɗansa ya fitar da shi a 2009, amma aka buga hoton katunan rubutunsa guda 138 yadda suke, da gogewa da komai. Kana buɗewa ka san gutsattsari ne. Haka littafin Gabriel García Márquez da ya fito a 2024, shekara goma bayan rasuwarsa: 'ya'yansa sun faɗa a gabatarwa cewa shi ya ce a lalata shi, su ne suka zaɓi bugawa. Kana iya ƙin abin da suka yi, amma ba su rufe ka ba.

Sannan dubi wanda ke magana. Marubucin da ya gama littafi da hannunsa yakan fito ya yi hira, ya amsa tambaya a kan abin da ke ciki. In duk magana daga lauya ne ko magada ko sanarwar kamfani, kuma kalmar da ke yawo ita ce "an gano", to ka sassauta zumuɗi. Kada kuma ka yanke hukunci da babin farko. Kwana huɗu kafin fitowar Watchman jaridun Wall Street Journal da Guardian suka buga babinsa na farko, na tafiyar jirgin ƙasa, kuma yana cikin mafi tsafta a littafin. Babin farko kowa ya fi goge shi. In littafi na hannunka a shago, buɗe wajen kashi biyu cikin uku ka karanta shafi biyar. In mutane biyu ne zaune suna yi wa juna dogon bayani, ka juya shafi uku ba wanda ya tashi, to tsakiyar ta zube. Ƙarshe, lura da ko an ba masu sharhi kwafi kafin ranar fitowa. An ɓoye Watchman sosai, mutane da yawa sun biya kuɗi tun kafin kowa ya faɗi abin da ke ciki. Haƙurin mako biyu ya isa ka ji bakin waɗanda suka kai ƙarshe.

Irin wannan giɓin muna ganinsa a namu rubutun Hausa, ta wata hanyar. Marubuciya kan daɗe tana juya littafinta na farko a zuciya da takarda. In ya karɓu, na gaba sai ya zama ana sakinsa shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, masu biyan kuɗi na jiran na yau kafin a kwanta, babu wanda ya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe kafin ya fita. Alamomin ɗaya ne da waɗanda aka lissafa a sama: shekarun tauraro su canza a tsakiya, a ɗauko rikici a manta da shi, hira ta cika inda aukuwa ya kamata ta kasance.

Mai Nazarin Zubi

Ƙari kaɗan, 'yar'uwa, tunda nazari kike yi. Kada ki karanta Watchman a matsayin ci gaba. Ajiye littattafan biyu gefe da gefe da fensir a hannu. Fara da bayanin gwaggo Alexandra a farkon Watchman, ki haɗa shi da babi na 13 na Mockingbird, ki ja layi a ƙarƙashin jimlolin da suka zo ɗaya, sannan ki duba abin da aka ƙara da wanda aka cire lokacin da aka mayar da su bakin yarinya. Bayan haka ki karanta babi na 12 na Mockingbird, inda Calpurnia ta kai yaran cocinsu suka ji ta sauya harshe a cikin mutanenta, ki bi shi nan take da ziyarar da Jean Louise ta kai mata a Watchman. Sai ki ɗauki 'yan sakin layin shari'ar a Watchman ki auna su da babuka biyar da suka zama a 1960, ki rubuta kowane abu da aka sauya da dalilin da kike ganin ya sa aka sauya shi, musamman hukuncin.